Matsi, Kamshaf da Dogon Taku: Yadda Na Ɓata Inji Kafin Na Iya Haɗa Shi

Wata Asabar da yamma a birnin Houston, ina ɗauke da ’yata mai shekara tara a cikin tsohuwar a-kori-kurata, Chevrolet C10 ƙirar 1978. Mun shiga cunkoso, ana tafiya ana tsayawa, na taka birki sau uku ko huɗu a jere. Da danja ta ba da ja na sake takawa, sai na ji kamar dutse na taka. Na miƙe a kan feda da ƙafa biyu, motar ta ja jiki ta tsaya, tsakaninmu da motar gaba bai fi taƙi ɗaya ba. Yarinyar ta dube ni ta ce, “Abba, me ya sa kake gumi?”

Birkin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kusa jefa mu cikin hatsari wani sandan ƙarfe ne da na saya da kuɗina, na ɗaura a cikin injin da hannuna mako shida kafin ranar, ina kuma alfahari da shi. Sunansa kamshaf. Yadda sandan da ke buɗe bawul ya iya kashe birki shi ne abin da nake son bayyanawa a wannan makon, domin a cikinsa ne na fahimci cewa sassan inji uku da masu ƙara wa mota ƙarfi suka fi kashe wa kuɗi, wato matsi da kamshaf da tsawon taku, lissafinsu ɗaya ne.

Injin da ake magana a kai

Na taso a Kaduna, kusa da garejin da ake gyaran Peugeot 504. Burin bakanike a can shi ne ya mayar da inji yadda kamfani ya ƙera shi. Da aiki ya kawo ni Amurka na tarar da wata al’ada dabam: mutum ya sauke inji mai lafiya a garejin gidansa, ya wargaza shi, ya sake haɗa shi don ya fi yadda aka yi shi ƙarfi. Injin da aka fi yi wa haka shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955 ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, da girman inci-kubik 265. A 1967 aka fitar da mai 350, wato lita 5.7, kuma shi ne a cikin motata. Faɗin kowace silinda inci 4 ne, fistan kuma yana tafiyar inci 3.48 daga sama zuwa ƙasa. Wannan tafiyar ita nake kira taku.

Injin 350 na 1970 da na 1978 suna ɗaya suka tara. Samfurin LT-1 na 1970 yana da matsi 11:1, kuma a cikin Corvette an rubuta masa ƙarfin doki 370. A 1971 kamfanin General Motors ya sauke matsin injinansa domin su iya shan fetur mai ƙarancin okten, marar dalma, sai LT-1 ya koma 9:1. Kafin ƙarshen shekarun 1970 injinan a-kori-kura irin nawa sun zama salihai. Da muka auna nawa daga baya, matsinsa bai ma cika 8:1 ba.

Kuskurena

Na ji wata mota a wurin taron masu tsofaffin motoci tana tsaye tana tari, jikinta na girgiza, salansa na buga wani kiɗa marar tsari kamar doki na sukuwa a wuri ɗaya. Na tambayi mai ita, ya ce kamshaf ne. A daren na yi odar irinsa.

Kamshaf sanda ne mai tozaye, yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Kowane tozo yana tura bawul ya buɗe, ko na shigar iska da mai, ko na fitar hayaƙi. Abubuwa uku ake dubawa a jikinsa. Na farko daɗewa: digiri nawa na juyin karanshaf bawul zai yi a buɗe, kuma an saba aunawa daga lokacin da tozo ya ɗaga inci 0.050 don a iya kwatanta na kamfanoni daban-daban. Na biyu ɗagawa: nisan da bawul ke yi daga mazauninsa. Na uku kusurwar da ke tsakanin tozon shiga da tozon fita, wadda galibi take tsakanin digiri 106 da 114.

Kamshaf ɗin da motar ta zo da shi daɗewarsa kusan digiri 195 ce. Wanda na saya 244 ne, kusurwarsa 108. Idan daɗewa ta yi yawa kusurwa kuma ta matse, lokacin da bawul biyun suke buɗe tare yakan yi tsawo. A juyi 5,000 ko 6,000 a minti wannan alheri ne, domin hayaƙin da ke fita da gudu yana jawo sabuwar iska a bayansa, silinda ta cika fiye da yadda za ta cika. Amma a silo, inda iska ke tafiya a hankali, hayaƙi komawa yake yi baya ya gauraya da sabon mai. Wata silindar ta kama, wata ta kuskure. Kiɗan da ya burge ni ke nan: ƙarar inji ne da ke ƙona mai ba daidai ba.

Ga inda birki ya shigo. Lokacin da totur yake rufe, fistan na zuƙar iska ta ƙaramar kafa, sai a sami zuƙa mai ƙarfi a bututun da ke kai iska cikin silinda. Da wannan zuƙar tukunyar taimakon birki take aiki, ita ce ke ninka ƙarfin ƙafar direba. Inji na yau da kullum yakan ba da inci 17 zuwa 20 a agogon awon zuƙa. Nawa, bayan na canza kamshaf, 8 yake bayarwa. Taka birki ɗaya ko biyu tukunyar na iya ɗauka da abin da ta tara. A cunkoso, na ƙarar da ajiyar, injin kuma ba shi da abin da zai mayar mata.

Ko ba don birki ba, motar ta riga ta lalace ta wata fuskar. Daga tsaye takan tashi kamar mai ciwon baya, tana shan mai fiye da da, filogi na yin baƙi. Sai allura ta haura juyi 3,500 take farkawa. Na san haka tun makon farko, amma duk wanda ya ji ƙararta a gidan mai sai ya waiwayo, wannan kuwa ya ishe ni rufe ido.

Tambayar dattijo

Maiɗakina ta ce yarinyar ba za ta ƙara shiga motar ba, ban kuma yi musu ba. Na kai injin wurin wani dattijo mai shagon gyaran bulok a wajen gari, wanda ya shafe fiye da shekara arba’in yana wannan aiki. Na zo da takarda cike da sunayen sassan da nake so. Bai karɓa ba. Ya tambaye ni nauyin motar, da irin giyarta, da lambar giyar baya, da tsayin taya, da irin man da zan riƙa saya. Daga nan ya ce in mayar da tsohon kamshaf, in ɗaura agogon juyi, in yi mako biyu ina rubuta inda allura take zama.

Sakamakon ya ba ni kunya. Motar tana da giya mai sarrafa kanta samfurin TH350, giyar baya 3.08. A babban titi, ina gudun mil 65 a awa, injin na juyi kusan 2,300. A cikin gari yana yawo tsakanin 1,200 da 2,500. A mako biyu sau uku kacal na wuce 4,000, kowanne na ’yan daƙiƙoƙi yayin hawa babban titi. Na sayi kamshaf da ke fara aiki daidai inda tuƙina yake ƙarewa.

Ƙarfin doki, wanda kowa ke ambato, lissafi ne: a ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi, a raba da 5,252, idan da ma’aunin Amurka ake aiki. Saboda haka hanya biyu ce ta ƙara shi. Ko inji ya riƙa juyi da sauri sosai, ko ya riƙa murɗawa da ƙarfi a juyin da yake yi. Ta farko ta motar tsere ce. Mota mai nauyin kusan tan biyu da ke tsayawa a kowace danja, ta biyun take buƙata, kuma hanya mafi sauƙi ta samun ƙarfin murɗa ita ce a ƙara wa inji girma.

Taku

A 1970 Chevrolet ta fitar da wani ɗan’uwan 350 mai girman 400, takunsa inci 3.75. Masu haɗa inji suka gano cewa idan aka rage kaurin wuyan karanshaf ɗinsa daga inci 2.65 zuwa 2.45, zai zauna a bulok na 350. Idan kuma aka faɗaɗa silinda da inci 0.030, kamar yadda ake yi wa kowane tsohon bulok don a share zaizaya, girman ya zama 383, kusan lita 6.3. Chevrolet ba ta taɓa sa wannan girman a motocin wancan zamani ba, a garejin mutane aka haife shi. Yau ba a buƙatar neman tsohon karanshaf na 400, sababbi ake ƙerawa musamman don wannan aiki.

Bambancin takun bai kai milimita 7 ba, amma yana ƙara wa injin girma da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma ana jin ƙarin tun daga juyin farko, ba sai an jira allura ta hau ba. Akwai wata riba ta biyu: babban inji yana haɗiye kamshaf. Wanda zai sa 350 tari, a cikin 383 sai ya yi laushi, domin kowace silinda tana zuƙar iska da ƙarfi fiye da da.

Sai dai dogon taku yana zuwa da nasa sharuɗɗa. Kon-rod yana zagaye mai faɗi, don haka kusoshinsa kan taɓa gindin silinda da gefen bulok, wani lokaci har tozayen kamshaf. Dole a haɗa komai a juya da hannu, a duba, a wargaza, a goge bulok da dutsen wuta, a sake haɗawa. Mun yi haka sau huɗu. Fistan ma dole ya zama na musamman, wanda aka ɗaga ramin fil ɗinsa sama, in ba haka ba zai leƙo ta saman bulok. Akwai kuma zaɓi tsakanin kon-rod mai inci 5.7 da mai inci 6. Dogon yana rage gogar fistan da bangon silinda, yana kuma ba da sarari a daidaita nauyin karanshaf daga ciki, amma yakan tura fil har cikin gurbin zoben mai. Ana zafafa muhawara a kan wannan, dattijon kuwa ya ce a juyin da nake tuƙi ba zan taɓa jin bambanci ba. Muka ɗauki 5.7. Hakan ya sa aka daidaita nauyin daga waje, kamar yadda aka yi wa 400, wato dole faifan gaba da na baya su kasance masu nauyi a gefe ɗaya. Wanda ya manta ya mayar da na 350, injin zai yi ta karkarwa har ya cinye metal.

Matsi

Matsi kwatanci ne tsakanin sararin silinda lokacin da fistan yake can ƙasa da sararin da ya rage lokacin da ya kai ƙololuwa. Ƙara shi yana sa a tatsi ƙarfi mai yawa daga mai ɗaya, amma ribar tana raguwa yayin da ake hawa. Bisa lissafin zagayen Otto, tashi daga 9:1 zuwa 10:1 kusan kashi 3 cikin ɗari yake ƙarawa. Hasarar wuce iyaka kuwa babba ce. Idan zafi da matsi suka fi ƙarfin fetur, ragowar man da wutar filogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasar tana karya gurbin zobe, tana daka metal, tana iya huda fistan. Lambar okten ita ce ma’aunin juriyar fetur ga wannan fashewa. A gida fetur iri ɗaya muke samu a famfo, a Houston kuwa akwai 87 da 89 da 93, kuma dattijon ya ce in tuna wata rana zan yi tafiya inda 91 ne mafi girma, a tsakiyar zafin Agusta.

Tarkon da masu haɗa 383 suke faɗawa shi ne, dogon taku da kansa yana ɗaga matsi. Mun zauna da fensir. Na sayi tof-silinda samfurin Vortec, wanda Chevrolet ta fara sa wa a-kori-kura a 1996, mai ɗakin ƙuna sisi 64, a madadin nawa mai 76. Da fistan mai shafaffen kai, wanda ramukan bawul ɗinsa suka ci sisi 5, da gasket mai kaurin inci 0.041 da ke cin kusan sisi 9, da ratar inci 0.025 da fistan ke bari a ƙasan bakin bulok wadda ta kai sisi 5, jimillar sararin sama ta zama kusan sisi 83. Da tsohon taku, silinda ɗaya tana share sisi 727, matsi ya zama 9.75:1. Da sabon taku tana share 784, matsi ya haura zuwa 10.4:1, ba tare da an canza komai ba sai karanshaf.

Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya sa gasket mai kauri ya sauke lambar. Wannan kuskure ne. A ɗakin ƙuna akwai wani shafaffen gefe inda kan fistan ke kusantar tof-silinda ƙwarai. Idan ratar ta kasance kusan inci 0.040, wato milimita ɗaya, fistan yana matso iskar da ke wurin ta feso cikin ɗaki da ƙarfi, mai ya gauraya, wuta ta ci da sauri kafin ragowar ta sami damar fashewa. Injiniyan Ingila Harry Ricardo ya yi bincike a kan wannan tun farkon ƙarni na ashirin. Gasket mai kauri yana buɗe ratar, sai a sami inji mai ƙarancin matsi da ya fi mai yawan matsi saurin ƙwanƙwasa. Mu sai muka yi akasin haka: aka share saman bulok har fistan ya zo daidai da baki, ratar ta zama kaurin gasket kawai, sannan muka sauke matsin da fistan mai kwarmi na sisi 18. Lissafi ya ba da 9.6:1. Dattijon bai yarda da abin da aka rubuta a kwali ba, sai da ya cika kowane ɗaki da ruwa daga bututun gilashi mai ma’auni ya gani da idonsa.

Inda biyun suke haɗuwa

Lambar 9.6 tana ɗauka cewa matsi yana farawa ne daga lokacin da fistan ya bar ƙasa. A zahiri bawul ɗin shiga yana nan a buɗe bayan fistan ya fara hawa, kuma babu abin da ake matsawa sai ya rufe. Kamshaf ne ke yanke lokacin rufewar. Idan bawul ya rufe a digiri 60 bayan fistan ya bar ƙasa, kusan kashi 81 cikin ɗari na takun ne ya rage. Idan sai a digiri 75, kashi 71 ne kawai. Abin da ya fito bayan wannan ragi shi ne matsin aiki, kuma masu haɗa injin titi sukan nemi ya tsaya kusa da 8 idan man famfo za a sha.

A 383 mai 9.6:1, kamshaf mai rufewa a digiri 60 yana ba da matsin aiki 8.0. Mai rufewa a 75 yana ba da 7.1, inji ya yi sanyi a ƙasa. A inji mai 11:1, babban kamshaf yana ba da 8.1, ƙaramin kuma 9.1, wanda zai yi ta ƙwanƙwasa. Wato babban kamshaf yana neman babban matsi, ƙarami yana neman matsakaici, kuma ba a zaɓen ɗaya sai an san ɗayan. Toyota Prius tana amfani da wannan dabarar da gangan: matsinta 13:1 ne a takarda, amma tana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, shi ya sa take shan fetur na talaka lafiya.

Da na yi wa injina na farko wannan lissafi, mai matsin da bai cika 8 ba da bawul mai rufewa a kusan digiri 75, sai na sami kusan 6. Na ɗauki inji mai rauni na zubar masa da kusan kashi uku cikin goma na takunsa, na kuma biya kuɗi a kan haka.

Abin da muka haɗa

Kamshaf ɗin da muka tsaya a kai daɗewarsa digiri 218 ce a shiga, 224 a fita, kusurwarsa 112, bawul na rufewa kusa da digiri 60. Mun zaɓi irin mai ’yan tayoyi a ƙarƙashin masu tura bawul, ko da yake ya fi tsada, saboda baƙin man zamani an rage masa sinadarin zink da tsohon samfuri mai shafaffen gindi yake dogaro da shi, kuma tozo ɗaya in ya cinye, garin ƙarfensa duk injin yake bi. Tof-silindar Vortec ba ta ɗaukar ɗagawa mai yawa yadda ta fito daga kamfani, sai da aka rage tsayin bututun bawul aka sa sababbin sifirin. Ta kuma tilasta mini sayen sabon bututun iska, domin ramukan kusoshinta dabam suke. Kwanbatar giya muka canza zuwa wadda ke kamawa a wajen juyi 2,000. Giyar baya muka bar ta yadda take.

Ranar da muka tayar da shi, abin da na fara dubawa agogon zuƙa ne. Allura ta tsaya a 15, ba ta rawa. Injin yana da ’yar gurnani a silo, wadda sai mai kunne zai lura da ita, kuma a gidan mai babu wanda ya ƙara waiwayowa. Na ji zafin wannan fiye da yadda nake so in amsa. Amma daga danja, da rabin totur, motar tana manna bayana da kujera, a juyin da nake tuƙi kullum. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tsohon kamshaf ɗin yana rataye a bangon garejina. Wani matashi maƙwabcina ya gan shi ya nemi in sayar masa don ya sa a motarsa. Na ce masa ya fara ɗaura agogon juyi, ya yi mako biyu yana rubutawa, sannan ya dawo mu yi magana. Ya yi dariya, kuma na ga alama zai je ya yi odar sabo ne kawai.

Sai da aka yi wata uku maiɗakina ta yarda yarinyar ta sake shiga motar. Kafin mu fita, ita da kanta ta zauna a kujerar direba, injin na silo, ta taka birki sau goma a jere tana ƙirgawa, sannan ta sauko ta miƙo mini makulli.